Yadda Ake Tara Sulallan Zinare da Azurfa a Kano, Tun Daga Saye Har Zuwa Sayarwa

Idan ka kai tsohon sule wurin 'yan gwal ko maƙeran azurfa a Kano, abin da za a fara yi shi ne ɗora shi a sikeli. Ba mai tambayar shekarar da aka buga shi, ba mai duba sarkin da ke jikinsa. Nauyi nawa, karat nawa, sai a yanke kuɗi. Kasuwarmu ƙarfe take saye, ba ta sayen tarihi. Wannan hali na kasuwa shi ne ribar mai sha'awar tara sulalla, domin yana iya samun abu mai wuyar samu a farashin narkarwa. Shi ne kuma hasararsa, domin ranar da ya tashi sayarwa, sikelin nan dai za a ɗauko masa. Don haka kowane sule farashi biyu gare shi, na ƙarfen da ke cikinsa da na tarihinsa, kuma duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta sanin wanne daga ciki kake biya.

Mataki na farko: zaɓi abin da za ka tara

Kada ka shiga kasuwa da niyyar sayen duk abin da ya yi ƙyalli. Ka tsayar da fanni guda tukuna. Ga waɗanda suka fi yawo a hannun mutanen Kano.

Akwai liyari, wato dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Babbar kwandala ce ta azurfa mai nauyin giram 28.07, azurfar cikinta kashi 833 cikin 1,000, wato kimanin giram 23.39. Fatake ne suka riƙa shigo da ita ta hamada tun zamanin da ake ciniki da wuri. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Kusan duk liyarin da za ka gani yana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma a nan ne sababbin shiga ke ruɗewa. Tun rasuwarta ba a taɓa canza shekarar ba. An ci gaba da buga shi da 1780 ɗin a Biyana, da Landan, da Bombai, da Faris, da Rum, miliyoyi ɗaruruwa, har gobe ma'aikatar buga kuɗi ta Ostiriya tana bugawa. Wanda ya ce maka liyarinsa ya haura shekara ɗari biyu saboda shekarar da ke jiki, ko dai bai sani ba, ko kuma yana fatan kai ba ka sani ba.

Akwai sulallan Afirka ta Yamma na zamanin Turawa, masu hoton bishiyar kwakwar manja a jikin sule da fataka. An kafa hukumar kuɗin yankin a 1912, sulallan azurfa suka fito daga 1913: taro, sisi, sule da fataka. Daga 1913 zuwa 1919 azurfarsu kashi 925 ce cikin 1,000. A 1920 aka rage ta zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka koma buga su da tagulla. Sule na nauyin giram 5.66, fataka 11.31. Waɗannan su ne kuɗin da aka sayi gyaɗa da su bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma har yau ana ba da labarin raƙuma 20 na sulalla da Alhassan Ɗantata ya kai ajiya lokacin da aka buɗe banki a Kano a 1929. A ganina nan ya fi dacewa Bakano ya fara. Ba su da tsada, tarihinmu ne, kuma shekarun azurfar ba su da yawa, mutum na iya sa wa ransa ya haɗa kowace shekara.

Sulallan Ingila ma sun yi yawo a nan. Dokarsu mai sauƙi ce: kafin 1920 azurfa 925, daga 1920 zuwa 1946 rabi, daga 1947 babu azurfa ko ɗigo. Haka sulallan Tarayyar Najeriya na 1959, da kwabban da suka zo tare da naira a 1973, duk babu azurfa a cikinsu komai farinsu. Kwabo mai huji da anini ma haka. Suna da daɗin tarawa, musamman na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas wanda bai cika shekara a gadon sarauta ba, amma ba ƙarfe mai daraja ba ne, kuma suna da yawa.

Sai abin da alhazan da suka dawo da shi. Riyal ɗin Saudiyya na azurfa wanda aka fara bugawa a 1354 bayan Hijira, wato 1935, nauyinsa giram 11.66, azurfa 917. Za ka ga shekarar da lambobin Larabci, ١٣٥٤, saboda haka wanda ya yi makarantar allo ya riga wasu. Daga wajen Nijar kuma akan samu tsohuwar kwandalar Faransa ta faran 5, giram 25, azurfa 900.

A ɓangaren zinare, wanda ya fi shahara shi ne fam ɗin zinare na Ingila da ake kira Sovereign. Tun 1817 ma'auninsa bai canza ba: giram 7.98, karat 22, tsantsar zinaren ciki giram 7.32. Akwai rabinsa mai giram 3.99. Saudiyya ta buga nata fam ɗin zinare, da ake kira gini, a kan wannan ma'auni a 1370 da 1377 bayan Hijira. Ga mai ƙarfi akwai Krugerrand na Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 1967, nauyinsa giram 33.93, a cikinsa akwai oza ɗaya cif ta zinare, wato giram 31.10.

Mataki na biyu: sayi kayan aiki kafin ka sayi sule ko ɗaya

Sikelin lantarki ƙarami mai nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Na kicin ba zai yi ba. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Ma'aunin faɗi da kauri irin na masu gyaran inji. Mayen ƙarfe ƙarami mai ƙarfi. Zare, da ɗan kofin roba, da littafi mai bango mai kauri. Duka kuɗinsu bai kai abin da za ka yi hasara a jabu guda ɗaya ba.

Mataki na uku: koyi lissafin farashin ƙarfe

Wannan lissafi ne ke raba mai saye da wanda ake sayar wa. Ana faɗin farashin zinare da azurfa a duniya da dalar Amurka a kan oza ɗaya, kuma ozar ƙarafa masu daraja giram 31.10 ce. A Landan ana tsayar da farashin zinare sau biyu kowace ranar aiki, kuma kana iya ganinsa a wayarka a kowane lokaci. Sai ka nemi farashin dala na ranar. 'Yan gwal da farashin 'yan canji suke aiki, don haka abin da ake faɗa a Wapa, matattarar 'yan canjin Kano, shi za ka riƙe.

Mu ƙaddara, don misali kawai, oza tana dala 3,000, dala kuma naira 1,500. Raba 3,000 gida 31.10, ka samu dala 96.46 a kowane giram. Ninka da 1,500, giram ɗin tsantsar zinare ya kama kimanin naira 144,700. Fam ɗin zinare mai giram 7.32 na tsantsa ya tashi kusan naira 1,059,000. Wannan shi ne farashin ƙarfensa. Duk abin da aka ɗora a kai ribar ɗan kasuwa ce, ko kuɗin tarihi, kuma kana da ikon tambayar wanne ne.

Azurfa ma haka. In oza tana dala 35, giram zai kama kusan naira 1,690. Liyari ke nan kimanin naira 39,500, sulen 1913 kuma, mai azurfa giram 5.23, kimanin naira 8,800. Ka sa alƙaluman ranar da kake ciniki a madadin waɗannan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ninka dukan nauyin sule da farashin karat 24. Ka haddace waɗannan: karat 24 shi ne 999, karat 22 shi ne 916, karat 21 shi ne 875, karat 18 shi ne 750. Nauyi sau wannan lamba, a raba da 1,000, shi ne zinaren da kake saye.

Mataki na huɗu: inda ake nema, da yadda ake shiga

Don tsofaffin sulallan azurfa, kasuwar Kurmi ce gida. Kasuwa ce da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma masu kayan gargajiya da masu zobban azurfa suna nan. Don zinare, sai 'yan gwal na kasuwar Rimi da na Sabon Gari. Amma mafi yawan shagunan gwal sarƙa da awarwaro da ɗan kunne suke sayarwa, sule ba kullum ake samunsa a kan tebur ba. Yakan shigo ne in wata ta kawo kayan gado, kuma in ba wanda ya tambaya, narkarwa ake yi.

Shi ya sa maƙeri ya fi kowa amfani gare ka. Maƙeran farin ƙarfe sun daɗe suna narka tsofaffin sulalla su yi zobe, domin sun san azurfarsu mai kyau ce. Ka je ka gaishe shi yadda ya kamata, ka zauna, ka sayi ko zobe ɗaya ne. Daga baya ka ce, “Baba, don Allah in an kawo maka sule ko liyari, kafin ya shiga wuta a kira ni. Abin da za ka samu in ka narka, zan ba ka har da ɗori.” Shi bai yi hasarar komai ba, ya huta da hura zugazugi, kai kuma ka tsamo abin da ba za a sake bugawa ba. In ya kira ka, ka je ko da abin bai yi maka ba, ka sa masa albarka. Wanda aka kira sau biyu bai zo ba, ba a kiransa na uku.

Kada ka manta da cikin gida. Adakar kaka, tsohuwar kumbo, gwangwanin da ke ƙasan gado. Sai dai abin da ke cikin kayan mamaci haƙƙin magada ne. Ko sisi ne, a yi masa kuɗi a gaban kowa, ka biya, sannan ka ɗauka.

Ciniki a intanet da wanda ba ka sani ba, wanda zai turo hoto ya ce ka tura kuɗi, ba na ba ka shawara. Ban da haɗarin damfara, akwai matsalar shari'a da za mu zo kanta.

Mataki na biyar: gwaji

A nan ya kamata ka ɓata lokaci, kuma kada kunya ta hana ka fito da sikelinka a gaban mai kaya. Ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya jin haushin gwaji.

Fara da ido. Ka riƙe sulen ta gefensa, ka duba da gilashi. Na gaske bugawa aka yi da ƙarfi, rubutunsa na da kaifi, filinsa sumul. Jabu sau da yawa zubawa aka yi, sai ka ga rubutu ya yi laushi, da 'yan ƙananan ramuka, wani lokaci da layin haɗi a gefe. Liyari na gaske yana da rubutu a kewayen gefensa, IUSTITIA ET CLEMENTIA, da haruffa S.F. a ƙasan hoton sarauniyar. In gefen ya zo a shafe, ko rubutun ya cakuɗe, ajiye shi.

Sai awo. Nauyi shi kaɗai ba ya isa, faɗi shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa. Fam ɗin zinare faɗinsa milimita 22.05, kaurinsa kimanin 1.5. Dalilin haɗawar shi ne zinare ya fi kusan kowane ƙarfe nauyi. Mai jabu in ya daidaita nauyi da tagulla, dole sulen ya yi kauri ko faɗi. In ya daidaita girma, dole ya yi sakayau. Sulen da ya daɗe yana yawo yakan rasa ɗan nauyi saboda gogewa, wannan ba laifi ba ne in goguwar ta nuna a jikinsa. Abin tsoro shi ne sule mai kama da sabo amma nauyinsa bai cika ba, ko wanda ya zarce ma'auni.

Sai mayen ƙarfe. Zinare da azurfa ba sa kamuwa. In ya manne, magana ta ƙare. In bai manne ba, ba a gama ba, domin tagulla da dalma ma ba sa kamuwa. Akwai dabara ga manyan sulallan azurfa: ka karkata liyarin, ka saki mayen ƙarfen a kansa. A kan azurfa a hankali yake gangarowa, a kan mafi yawan jabu kuwa zarcewa yake yi.

Sai kunne. Ka ɗora sulen a kan ɗan yatsa, ka ɗan taɓa gefensa da wani sule. Azurfa tana da amo siriri mai jan lokaci. Dalma da sauran gauraye sukan yi ƙara su yi shiru nan take. Ka saba kunnenka da wanda ka tabbatar na gaske ne.

Gwajin da ya fi duka, wanda kuma ba ya lalata komai, shi ne na ruwa. Ka auna sulen, ka rubuta. Ka ɗora kofin ruwa a sikeli, ka mayar da shi sifili. Ka ɗaure sulen da zare, ka zura shi cikin ruwan har ya nutse, kada ya taɓa ƙasa ko gefe. Lambar da sikeli ya nuna, ka raba nauyin farko da ita. Tsantsar zinare na ba da 19.3, karat 22 mai gaurayen jan ƙarfe wajen 17.5, tsantsar azurfa 10.5, liyari wajen 10.2, tagulla wajen 8.5. Wato liyari na gaske zai nuna kimanin 2.75 a cikin ruwa, fam ɗin zinare kuma 0.45 ko 0.46. Da tagulla ce mai nauyin fam ɗin, da sai ta nuna ninki biyu. Ga ƙananan sulalla kuskuren sikeli yana da tasiri, ka maimaita, ka kuma kaɗe kumfar da ke maƙalewa a zare. Akwai ƙarfen da ke iya tsallake wannan gwaji, tangistan, wanda nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinare. An fi samunsa a manyan sanduna da manyan kwandaloli, kuma amonsa ba ya kama da na zinare. In kuɗin ya yi yawa, ka nemi shagon da ke da na'urar gwada ƙarfe, ka biya a duba.

Dutsen gwaji da ruwan asid da 'yan gwal ke amfani da su sun dace da sarƙa. A jikin sule kuwa tabo suke bari, tabon kuma yana cinye kuɗin tarihi gaba ɗaya. Kada ka bari a goga naka, kada a kankare gefensa da magagari.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da tsarabar Makka da Dubai. A kasuwannin zinare na can ana sayar da gini mai kama da fam ɗin Ingila, har da hoton sarki da mahayin doki, amma maƙera ne suka ƙera shi, yawanci giram 8, karat 21, wani lokaci da lambar 21 ko 875 a jiki. Zinare ne na gaske, ba a cuce ka ba in a haka aka sayar maka. Amma zinaren cikinsa giram 7 ne, kuma ba shi da kuɗin tarihi ko na anini. Ka saye shi a matsayin gwal, kada ka sa shi a layin sulalla.

Mataki na shida: ciniki da sharaɗinsa

Bari mai kaya ya fara faɗin kuɗi. Kai ka riga ka san farashin ƙarfe, sai ka taya kusa da shi. In ya ce albarka, ka tambaye shi, “Alhaji, a kan nawa ka ɗora giram yau?” Wannan tambaya kaɗai takan sauya yanayin cinikin, domin ya gane ba baƙo ne a gabansa ba. Sulen da aka huda, ko aka liƙa masa kunne don rataya, ko aka goge shi ya yi fes, farashin ƙarfe kawai ya cancanta. Irin waɗannan suna da yawa a ƙasar nan, saboda mata sun daɗe suna ado da su.

Yaushe ake biyan kuɗin tarihi? Sai in shekarar ko wurin bugawar na da wuyar samu, kuma sulen bai goge ba. A yawancin fam ɗin zinare, harafin wurin bugawa na ƙasan ƙafar doki, saman shekarar. Harafin S na nufin Sidni, M Melbon, P Perth, duka a Ostareliya, C Kanada, SA Afirka ta Kudu, I kuma Bombai, wanda a 1918 kaɗai aka buga a wancan zamani. Tsohon fam ɗin da ba harafi a ko'ina a jikinsa, yawanci na Landan ne. Na Landan na 1917 yana cikin masu wuyar samu ƙwarai, shi ya sa jabunsa ya yi yawa. A sulallan Afirka ta Yamma za ka ga H ko KN, alamun kamfanoni biyu na birnin Bamingam a Ingila. Shekararka ta farko, shawarata, kada ka biya kuɗin tarihi mai yawa a kan komai. Ka bari idonka ya nuna.

Zinare da azurfa ba kamar sauran haja ba ne a shari'a. Hadisin Ubada ɗan Samit ya shimfiɗa ƙa'idar: zinare da zinare, azurfa da azurfa, daidai wa daida, hannu da hannu. In jinsi ya bambanta, a sayar yadda aka so, amma dai hannu da hannu. Abin da wannan ke nufi a kasuwa shi ne babu bashi, babu “kawo rabi ka tafi da shi”, babu biya yau a karɓa jibi. Malamai da yawa na wannan zamani suna ɗaukar tura kuɗi ta banki a matsayin hannu da hannu in kuɗin ya shiga kafin a rabu, don haka ka tsaya sai alat ya shigo. Musayar zinare da zinare tare da ciko kuwa, hanyar da ba ta da gardama ita ce ka sayar da naka ka karɓi kuɗinka, sannan ka sayi wancan a ciniki na daban. Wannan ya shafi masu tara sulalla kai tsaye, domin suna son musaya: liyari biyu gogaggu a kan ɗaya mai kyau azurfa ce da azurfa ba daidai ba.

Dokar ƙasa ma tana da nata. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana sayar da kuɗin naira da ake kashewa ko lalata su. Fitar da kayan tarihi waje na buƙatar izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ka karɓi rasit mai ɗauke da nauyi, karat, shekarar sule da kwanan wata. Wanda ya tare ka a lungu da zinare a rabin farashi, ko ya ce an tono tukunya a gona ana neman mai saye a asirce, ka wuce abinka. In jabu ne ka yi hasara, in na gaske ne kuma ƙila na sata ne, ka sayi zama a ofishin 'yan sanda. Haka jita-jitar da kan taso lokaci-lokaci cewa ana neman wani kwabo mai huji a kan miliyoyi. Masu yaɗa ta su ne masu kwabban sayarwa.

Mataki na bakwai: ajiya

Kada ka wanke. Toka, lemun tsami, man goge baki, soson ƙarfe, duk suna cire baƙin azurfa, suna kuma cire darajarta tare. Duhun da shekaru suka sa wa sule masana so suke su gan shi. In ƙasa ce ta maƙale, ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, a ɗauraye, a dafa da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba.

Kowane sule da gidansa, ƙaramar ambulan ta takarda ko kwanson roba mai tauri. Leda mai laushi takan bar kore a jikin sule in an daɗe. Kada ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, tana baƙanta azurfa. Da damina ka jefa 'yan ƙullin shan danshi, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, a akwatin.

A littafinka ka rubuta kowane ɗaya: ƙasa, shekara, nauyi, ranar saye, kuɗin da ka biya, da farashin giram a ranar. Ka ɗauki hoton gaba da baya. Hoton ya tsaya a wurinka, ban da ɗorawa a Facebook ko WhatsApp. Amma mutum ɗaya amintacce a gida ya san inda akwati da littafi suke, don kada wata rana magada su kwashe duka su kai wa maƙeri a kan kuɗin zobe.

Zakka tana hawa kansu ko da don sha'awa ka ajiye. Nisabin zinare dinari 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595, ana fitar da kashi ɗaya cikin 40 in shekara ta zagayo. In da tsantsar ƙarfe aka lissafa, fam ɗin zinare 12 sun haura nisabi, haka liyari 26. A mazhabar Malikiyya ana haɗa zinare da azurfa a cika nisabi, kuma kuɗin da ke hannunka ma suna shiga lissafi, saboda haka ka kai littafin wurin malaminka ku duba tare.

Mataki na takwas: sayarwa

Ka auna kayanka a gida, ka yi lissafin farashin ƙarfe na ranar, ka rubuta a takarda kafin ka fita. Ka raba su kashi biyu. Gogaggu da hudaddu da ginin maƙera su tafi wurin 'yan gwal da maƙera. Ka ji tayin shago uku aƙalla, kuma ka sa ran za a saya ƙasa da farashin ƙarfe kaɗan, a nan ɗan kasuwa ke cin abinci. Wannan tazara tsakanin saye da sayarwa ita ce dalilin da ya sa wanda ya saya yau ya sayar wata mai zuwa yakan faɗi, ko da farashi bai motsa ba. A auna a gabanka, ka ga sikeli ya fara daga sifili, kada a shiga da sulenka ciki.

Masu kyau da masu wuyar samu kuwa, kada su ga sikelin kasuwa. Mai sayensu shi ne ɗan'uwanka mai tarawa, kuma samunsa na ɗaukar lokaci. Masu kayan gargajiya na Kurmi sun san su waye ke tambaya, suna iya haɗa ku. In dillali ne ya haɗa, ku yanke la'adarsa tun kafin a buɗe ambulan, a kuma faɗi wanda zai biya ta. Ka nuna wa mai saye duk aibin da ka sani, ka ba shi sikeli da zare ya gwada da kansa, ku yi musayar kaya da kuɗi a zama ɗaya, sannan ka buɗe littafi ka rubuta ranar da kuɗin da aka sallama a gaban sunan sulen.